Sun kasa faɗin ruwan yau, ta yaya za su san zafin 2100?

Ranar Asabar da ta wuce muna zaune da wani abokina, mutum mai karatu da sanin ya kamata. Tun safe wayarsa ta nuna masa za a yi ruwa da ƙarfe huɗu, har ya fasa wata tafiya saboda haka. Huɗu ta yi, biyar ta wuce, ko yayyafi babu. Sai ya ɗago wayar ya juyo min fuskarta, hoton girgije da ɗigo uku yana nan daram, ya ce: "Malam, dubi nan. Mutanen da suka kasa sanin ruwan yammacin yau, su ne za su gaya min zafin da za a yi a 2100?"

Duk wanda ke wurin ya yi dariya. Ni maganar tsaya min ta yi a rai, domin na sha jin ta daga bakin mutanen kirki, kuma tana rufe ƙofar tunani a kan abin da ya shafi rayuwar jikokinmu.

Ga matsayina tun da wuri. Manhajojin kwamfuta da masana ke kwaikwayon yanayin duniya da su sun cancanci a yarda da su a kan babbar magana, wato cewa hayaƙin da muke turawa sama yana ɗumama duniya, da kuma kimanin yawan ɗumamar. Sun haura shekara hamsin suna faɗa, ana gani. Sai dai ba duk abin da ya fito daga cikinsu ne nauyinsa ɗaya ba. Inda suke lissafin iska da teku da zafi, ƙafarsu a kan dutse take. Inda suka shiga lissafin ɗan Adam da dukiyarsa, a nan nake da ja, kuma ja mai ƙarfi.

Kalma ɗaya, abu biyu

Wani ɓangare na ruɗanin daga harshenmu yake. Da "yanayi" muke kiran ruwan da zai sauka yau da yamma, da ita kuma muke kiran halin da wuri ya saba da shi na zafi da sanyi da damina a tsawon shekara talatin. Tambayoyi biyu ne daban, ko da kayan aikinsu sun yi kama.

Ɗora tukunyar ruwa a wuta ka tsaya a kanta. Idan na ce ka nuna min daidai inda kumfa na gaba zai ɓullo, ba za ka iya ba, kuma babu masanin da zai iya. Amma idan ka san yawan ruwan da ƙarfin wutar, za ka faɗi kimanin mintocin da zai ɗauka kafin ya tafasa. Idan aka ƙara wuta, ka san zai fi saurin tafasa. Hasashen ruwan yamma neman wurin kumfa ne. Hasashen 2100 lissafin wuta da tukunya ne.

Masana da kansu suka gano iyakar hasashen yau da gobe. A 1961 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya so ya maimaita wani lissafin iska a kwamfutarsa. Maimakon ya shigar da 0.506127, sai ya gajarta ya rubuta 0.506. Da ya dawo ya duba, ɗan wannan bambancin ya yi ta girma har sakamakon biyu suka rabu kwata-kwata. Daga nan aka fahimci cewa hasashen kullum ba zai wuce kimanin mako biyu da inganci ba, komai ƙarfin na'ura. Amma wannan bai hana a san cewa lokacin zafi zai fi lokacin sanyi zafi ba, bana da baɗi da shekara goma masu zuwa.

Abin da ke cikin manhajar

Ba wani sihiri a ciki. Ana yanka sararin sama da teku da doron ƙasa gida-gida kamar idon raga, kowane gida faɗinsa kimanin kilomita 100, a jera su hawa-hawa daga ƙasan teku zuwa can sama. A kowane gida ana lissafa zafi da danshi da gudun iska, da abin da ya shiga daga maƙwabci da abin da ya fita. Sai a matsa gaba da 'yan mintoci a sake, haka har a cika shekara ɗari.

Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya gwada wannan da fensir da takarda lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana aikin tuƙa motar ɗaukar majinyata a Faransa. Hasashen awa shida ya ci masa makonni, kuma amsar ta fito ba daidai ba. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya riga iska gudu. Hanyarsa daidai ce, kayan aiki ne ba su zo ba tukuna.

Jarrabawar da suka ci

Ni abin da ya sa na yarda ba girman kwamfutar ba ne, ba kuma yawan digirorin masu ita ba. Sun faɗi abubuwa kafin su faru, a rubuce, inda kowa zai iya kama su da ƙarya idan ba su faru ba.

Tun 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Siwidin ya lissafa da hannu cewa idan iskar kabon, wadda ke fita idan an ƙona kwal da mai, ta ninka a sama, duniya za ta ƙara zafi da digiri 5 zuwa 6. Ya ɗan zarce, amma alƙiblar ya kama. A 1967 Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka yi lissafin da kwamfuta suka samu digiri 2 da ɗoriya. Suka kuma faɗi wani abu da ya fi lambar muhimmanci a wurina: idan kabon ne ke kawo ɗumama, iskar da ke kusa da ƙasa za ta yi zafi, amma ta can ƙololuwar sama za ta yi sanyi. Ka lura da hikimar nan. Da rana ce ta ƙara ƙarfi, da sama da ƙasa duk ɗumama za su yi. Da taurarin ɗan Adam suka fara awo tun daga 1979, abin da suka tarar ke nan: ƙasa na ɗumi, can sama na sanyi. Manabe ya karɓi kyautar Nobel a 2021 a kan wannan aiki, yana da shekara 90.

Ga wata jarrabawar da ba wanda ya shirya ta. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifins ya yi aman wuta, ya watsa miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta zuwa can sama, inda yake tare hasken rana. James Hansen da abokan aikinsa a hukumar NASA suka saka wannan a manhajarsu, suka ce duniya za ta yi sanyi da kusan rabin digiri, sannan ta koma yadda take cikin 'yan shekaru. Haka aka yi.

A ƙarshen 2019 wasu masana ƙarƙashin Zeke Hausfather suka tono tsofaffin hasashe 17 da aka wallafa tsakanin 1970 da 2007, suka gwada su da zafin da aka auna daga baya. Goma sun dace kai tsaye. Da aka gyara wa sauran yawan hayaƙin da aka fitar a zahiri maimakon wanda suka zata, waɗanda suka dace suka kai 14. Ka riƙe wannan gyaran a ranka, zan dawo kansa, domin a cikinsa maganata take.

Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane ƙwayar iska miliyan ɗaya, kusan 280 na kabon ne. Da Charles Keeling ya fara awo a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, sun kai kimanin 315. Yau sun haura 420. Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce 2024 ta zarce zafin wancan zamani da kimanin digiri 1.55. Wanda duk ya ce hasashen nan zuƙi ta malle ce, sai ya kawo nasa bayanin da ya haɗa waɗannan duka, har da sanyin can sama.

"Gaibu sai Allah"

Gaskiya ne, kuma ba na jayayya da shi. Amma lissafi a kan sababi ba da'awar gaibu ba ce. Likitan da ya ce wa mai ciwon suga, idan ka ci gaba a haka ƙodarka za ta taɓu, bai shiga hurumin Ubangiji ba. Ya kalli sababin da Allah Ya halitta ne ya faɗi inda yake kaiwa. Manhajar yanayi ma da "idan" take magana: idan kuka ƙona kaza, za a samu kaza. Boka ba ya cewa "idan".

Inda suke tuntuɓe

Yanzu kuma gaskiyar da masu kare manhajojin ba su cika son faɗa da ƙarfi ba.

Girgije ya fi ƙarfin ragar. Gida mai faɗin kilomita 100 ba ya ganin hadarin da ya haɗu a kan gari ɗaya ya zubar ya watse. Don haka ba a lissafa kowane girgije, ƙiyasinsa ake yi da ƙa'idojin da aka tsara, kuma kowace cibiya da nata tsarin. Girgije kuwa fuska biyu gare shi: na ƙasa-ƙasa yana mayar da hasken rana ya sanyaya, siririn na can sama yana riƙe zafi kamar mayafi. Wanne zai ƙaru, wanne zai ragu? A nan manhajoji suka fi saɓani. Wannan na cikin dalilan da suka sa tun rahoton kwamitin masani Jule Charney na 1979, wanda ya ce ninka kabon zai kawo ɗumamar digiri 1.5 zuwa 4.5, aka yi kusan shekara arba'in tazarar ba ta matse ba.

A sabon zubin manhajojin da aka yi amfani da su kafin rahoton 2021 na kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, wasu sun nuna ɗumamar da ta haura digiri 5 idan kabon ya ninka. Kwamitin bai haɗiye ba. Ya gwada su da awon shekarun baya da shaidar zamanin ƙanƙara, wato can da da duniya ta yi tsananin sanyi, ya rage musu nauyi, ya tsaya a kan digiri 3, da tazarar 2.5 zuwa 4. Wannan ya ƙara min yarda da su, domin mai gyara kansa a bainar jama'a ya fi wanda bai taɓa cewa ya yi kuskure ba.

Ruwan sama na yanki-yanki ya fi zafi wuyar kamawa. Akwai wuraren da wata manhaja za ta ce damina za ta ƙaru, wata ta ce za ta ragu. Manomi kuwa da mai gina madatsar ruwa wannan ce tambayarsu, ba matsakaicin zafin duniya ba.

Sai dai kada abokina ya yi murna. Kuskure ba gefe ɗaya yake faɗawa ba. Ƙanƙarar tekun Arewacin duniya ta narke da saurin da ya wuce abin da yawancin manhajoji suka zata, abin da ya fito fili a 2007. Idan makaniki ya ce maka burkin motarka zai iya kai wata shida, zai kuma iya tsinkewa a wata biyu, rashin tabbas ɗinsa ba dalilin ƙara gudu ba ne.

Abin da ya fi girgije wuya

Mu koma ga gyaran nan na Hausfather. Manhajoji huɗu sun iya lissafin iska, abin da suka kasa shi ne sanin abin da mutane za su fitar. Ma'ana babban abin da ba a sani ba game da 2100 mu ne.

Shi ya sa masana ba sa ba da amsa ɗaya. Suna tsara hanyoyi da yawa: wadda aka rage hayaƙi da gaggawa, wadda aka yi ta jan ƙafa, wadda aka ninka ƙona kwal. Matsalar tana zuwa ne idan labarin ya iso jarida. Shekara da shekaru ana ɗauko hanya mafi muni, wadda ake kira RCP8.5, a gabatar da ita kamar ita ce makomar da aka dosa idan ba a yi komai ba, alhali ta ginu ne a kan ƙona kwal mai yawan da masana da dama yanzu ke ganin da wuya a kai. Wannan ya ɓata min rai kamar yadda maganar abokina ta ɓata. Mai firgita mutane da lambar da ba ta dace ba, shi ke haifar da mai dariya gobe.

Dubi wutar sola. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin samar da ita a manyan tashoshi ya faɗi da sama da kashi 80 cikin ɗari. Manyan masu hasashen makamashi sun yi ta raina saurin yaɗuwarta shekara bayan shekara. Iska ba ta canza ra'ayi, ba ta ƙirƙiro sabuwar fasaha, ba ta zaɓe. Mutum yana yin duka ukun.

Wani lokacin ma gyara ɗaya ke taɓo wani wuri. A 2020 aka rage farar wutar da aka yarda ta kasance a man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari, domin hayaƙinta na lalata huhun mutanen da ke bakin teku. Mataki ne mai kyau. Amma wannan hayaƙin yana ƙara wa gizagizan kan teku haske, suna mayar da rana. Da aka share shi, sai wani ɗan mayafin da ke rage zafi ya yaye. Har yanzu masana na muhawara a kan girman tasirin. Dokar lafiya ta shiga lissafin girgije ta ƙofar baya.

Haka kuma ɓarnar bala'i ba ƙarfin iska kaɗai ke yanke ta ba. Guguwar da ta faɗa wa yankin da yau ake kira Bangladesh a 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000. Ta 1991 ta kashe kimanin 138,000. Guguwar Sidr ta 2007, mai tsananin ƙarfi ita ma, alƙaluman hukuma sun ce kusan 3,400. Tsakaninsu an gina mafaka masu tsayi, an kafa tsarin gargaɗi, an horar da dubban 'yan sa-kai masu zagayawa da lasifika. Manhajar da ta san guguwa ba ta san wannan ba, rabin labari ta sani.

Inda nake ja da ƙarfi

Akwai wasu manhajojin da ke haɗa yanayi da tattalin arziki, su fito da amsar da gwamnatoci suka fi saurara: nawa ya kamata a kashe yau don kauce wa ɓarnar gobe? William Nordhaus ya samu Nobel a 2018 a kan irin wannan aiki, kuma ya cancanci yabo don shi ya buɗe fagen. Amma ka leƙa cikin lissafin.

A wani zubin manhajarsa, ɗumamar digiri 3 tana rage kuɗin shigar duniya da kusan kashi 2 cikin ɗari, ta digiri 6 kuma da kusan kashi 8.5. Ka tsaya a kan wannan digiri 6. Kusan ita ce tazarar da ke tsakanin zamaninmu da tsakiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, lokacin da ƙanƙara ta binne Kanada da arewacin Turai, teku kuma ya yi ƙasa da inda yake yau da kimanin mita 120. A ce a juya duniya da irin wannan girman ta ɓangaren zafi, asarar ba ta kai kashi goma ba? Hankalina bai ɗauka ba. Babu wanda ya taɓa auna tattalin arziki a irin wannan duniyar. Layi aka ja daga ɗan abin da aka gani aka miƙa shi zuwa inda ba a taɓa zuwa ba. Robert Pindyck na jami'ar MIT ya yi wannan sukar tun 2013, cewa irin waɗannan manhajoji suna ba da kamannin daidaito a inda babu shi.

Sannan ga lambar da ta fi damuna. Masana tattalin arziki suna rage darajar asarar da za ta zo nan gaba da wani kaso a kowace shekara, bisa hujjar cewa kuɗin hannu ya fi na alkawari, kuma na baya za su fi mu wadata. Nicholas Stern, a rahoton da ya yi wa gwamnatin Birtaniya a 2006, ya ɗauki kusan kashi 1.4. Nordhaus ya ɗauki abin da ya kai kashi 4 ko sama. Ka ga kamar ƙaramin bambanci. To lissafa. Asarar dala 100 da za ta faɗa wa wani bayan shekara ɗari, a ma'aunin Stern darajarta yau kusan dala 25 ce. A kashi 4 ba ta wuce dala 2 ba. Shi ya sa ɗaya ya ce a tashi tsaye yanzu, ɗayan ya ce a bi a hankali, har lissafinsa ya nuna ɗumamar da ta haura digiri 3 a 2100 ita ce mafi dacewa da aljihu, alhali yarjejeniyar Paris ta 2015 ta ce a tsaya ƙasa da 2 sosai.

Wannan lamba ba a sama aka auno ta ba, ba kuma a teku ba. Hukunci ne a kan nauyin wanda ba a haifa ba idan aka ɗora shi a sikeli da mu. Haka nan idan da kuɗi kaɗai ake awo, gonar talaka da ta ƙone ba ta kai farfajiyar otal ɗin da ruwa ya ci ba, domin abin da talaka ya rasa ba shi da tsada a kasuwa, ko da shi ne duk abin da ya mallaka. Irin wannan hukunci haƙƙin kowa ne ya sa baki a cikinsa, malami da manomi da uwa mai goyo. Bai kamata a cusa shi a shafi na ɗari na rahoto, a fito wa jama'a da sakamako a ce kwamfuta ce ta faɗa ba.

Abin da nake nema a wurin masu wannan aiki bai da yawa. Duk lambar da za a fito da ita, a faɗa a sama, da harshen da kowa zai gane: wannan ɓangaren awo ne, wannan ƙiyasi ne, wannan kuma zaɓinmu ne, ga abin da zai fito da mun zaɓi wani. 'Yan jarida ma su riƙa tambayar wace hanya aka bi kafin su buga kanun labari.

Abokin nan nawa an yi masa jika a 2025. Na je barka, na ɗauke ta, ba ta fi tafin hannuwana biyu ba. A 2100 shekararta 75 idan Allah Ya ja kwana. Ita ce mutumin da ake lissafa asararta a kan 'yan daloli.